Darasi na Tara: Manyan Wayoyin Lantarki da Sinadarin Dare a Jikin Dabbobi

A tsakiyar ƙwaƙwalwar dabba akwai wani ɗan tsiro. A jikin mutum bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Idan duhu ya yi, sai ya riƙa zuba wani sinadari cikin jini, ana ce masa melatonin. Gari na wayewa sai ya daina. Da shi jiki ke gane dare ya yi. A ƙasashe masu sanyi, tumaki ma da shi suke gane lokacin barbara, domin tsawon dare na canzawa da yanayi. Wani likitan fata a Amurka, Aaron Lerner, shi ya gano sinadarin a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu.

To, ina ruwan wayar lantarki da wannan? Duk wayar da wuta ke bi tana da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta. Ido ba ya ganinsa, kuma yana raguwa da sauri idan an yi nisa. A 1981 an sa ɓeraye cikin irin ƙarfin da lantarki ke bazawa, aka ga melatonin ɗinsu na dare ya ragu. Hankalin masana ya tashi. Sai dai da wasu suka maimaita gwajin, wani ya ga raguwar, wani bai ga komai ba.

Gwajin da ya fi shafar mai kiwo shi ne na jihar Oregon a Amurka, wanda aka bayyana a 1993. An kafa garken 'yan tumaki mata a ƙarƙashin layi mai ƙarfin bolt 500,000, wani garken kuma can nesa. Wata da watanni ana ɗibar jininsu, har cikin dare. Ba a ga bambanci a melatonin ba, kuma lokacin balagarsu bai canza ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba binciken da aka tara, ta ce bai nuna cutarwa ta wannan hanyar ba.

Abin da aka tabbatar yana danne melatonin shi ne haske. Ƙwan fitila da aka bari a kunne cikin garke har asuba ya fi wayar sama rikita daren dabba. Wayar kuwa, haɗarinta na zahiri shi ne wutar lantarki ta ja dabba ko mutum, musamman idan ta tsinke ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Tambayoyi: Yaushe jiki ke yin melatonin? Me aka gani a jinin tumakin Oregon? Rubuta jimla biyu kan fitilar garke.