Yadda ake jagorantar binciken lafiya a cikin 'yan asalin ƙasa

Malamin jami'ar da aka damƙa wa binciken lafiya a cikin 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa, irin su Mohawk na Kanada ko Havasupai na Amurka, zai tarar da mutanen da ba su yarda da mai bincike ba, kuma da hujjarsu. Tsakanin 1942 da 1952 an yi gwaje-gwajen abinci a kan 'yan asalin Kanada, har da yaran makarantun kwana da yunwa ta riga ta galabaitar, ba tare da izinin iyayensu ba. Mu da muka san labarin gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abu na farko, ka je garin tun kafin ka rubuta takardar neman kuɗin bincike. Ka zauna da shugabanni da ma'aikatan asibitinsu, ka ji abin da ke damunsu. A Kahnawake, garin Mohawk da ke kusa da Montreal, da likitoci suka nuna wa jama'a yadda ciwon suga ya yi yawa, dattawa ne suka ce a yi wani abu domin yara su tsira. Daga nan shirin rigakafin ciwon suga a makarantun garin ya samo asali a 1994. Tambayar ta mutanen gari ce, jami'a ta zo da ƙwarewarta.

Na biyu, kuma a nan nake so a tsaya sosai: a rubuta yarjejeniya kan jini da bayanan da za a tattara. Wa ya mallake su? A ina za a ajiye? Wa zai ba da izini idan wani malami ya zo bayan shekara goma yana son amfani da su? Tun daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin Havasupai da sunan ciwon suga, daga baya aka yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali, da auren dangi, da asalin ƙabilar. Havasupai suka kai ƙara, a 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta kuma mayar musu da jininsu. Abin takaici ne a ce sai da kotu ta shiga. 'Yan asalin Kanada sun tsara ƙa'idojinsu da ake kira OCAP tun 1998: bayanai mallakar al'umma ne, ita ke da iko da su, tana iya ganinsu duk lokacin da ta so, kuma a hannunta suke zama. Sa hannun mutum ɗaya ɗaya bai wadatar ba, sai al'umma ta amince.

Na uku, a kafa kwamitin mutanen gari mai ikon cewa a'a. Ka ɗauki 'ya'yansu aiki da albashi, ka koyar da su, ka sa sunayensu a cikin marubutan rahoto. Dattijon da ya ba ka lokacinsa da iliminsa a biya shi, kuma wannan kuɗin ya shiga kasafi tun farko.

Sakamako kuwa, gida ake fara kai shi, a taron gari, da harshen da kowa ke ji, kafin mujalla ta gani. Kundin ƙa'idojin bincike na shirin Kahnawake ya tanadi cewa idan wani ɓangare bai yarda da yadda aka fassara sakamakon ba, ana buga ra'ayinsa tare da rahoton.

Duk wannan yana cin lokaci, ɗalibanka na digirin digirgir kuma suna da wa'adi. Aikinka ne ka tsaya musu a gaban hukumar jami'a, ka nema musu ƙarin watanni da kuɗin zirga-zirga tun ranar da ake tsara shirin.