Yadda Ake Tsara Darasin Rumbun Bayanai Ga Ɗaliban Injiniyanci

Da farko, kafin ka kunna kwamfuta, rubuta abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa bayan darasin. "Ya fahimci SQL" (harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi) ba ya aunuwa. Ka ce: zai iya haɗa teburin bayanai biyu da umarnin JOIN ya ciro amsa daidai.

Na biyu, shirya gwajin tun kafin lacca. Tsarin da masanin harkar koyarwa John Biggs ya bayyana a 1996 ke nan: manufa, koyarwa da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya.

Na uku, ɗauko misali daga fanninsu. 'Yan lantarki a ba su teburin taransifomomi da na gyaran da aka yi wa kowace, lambar taransifoma ce mabuɗin da ke haɗa su. Amma ka bari su fara cusa komai a tebur guda. Idan suka canza sunan unguwa a layi ɗaya suka manta da sauran, za su ga saɓanin da idonsu, sai bayanin rarraba tebura ya zauna musu.

Yi amfani da SQLite, wani tsarin rumbun bayanai. Kyauta ne, fayil ɗaya ne, ba ruwansa da intanet.

Ranar gwaji, kowa ya rubuta umarninsa a kwamfuta, ka duba abin da ya fito ka ba da maki.