Yadda za ka rubuta tarihin yaƙin da shaidunsa ke raye

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya same ni ya ce, "Malam, ina so in yi bincikena a kan yaƙin basasa." Nakan ji daɗi, amma gabana kan faɗi, domin na san hanyar da zai hau. Na yi shekaru ina bin tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da zawarawa ina naɗar abin da suka gani daga 1966 zuwa 1970, kuma kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya tafi yaƙin nan na Biyafara bai dawo ba. Abin da nake faɗa wa ɗaliban nan a ofis shi zan shimfiɗa a nan.

Nakan fara ba su labarin wani Bajamushe, Fritz Fischer, malamin tarihi a Jami'ar Hamburg, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 1999. A zamaninsa Jamusawa sun riga sun kwantar da hankalinsu a kan magana ɗaya: Hitler da yaƙin duniya na biyu laifinsu ne, amma yaƙin farko na 1914 kowa ya zame ya faɗa cikinsa, ba mai laifi na musamman. Fischer ya shiga rumbunan takardun gwamnati, har da na Potsdam da ke Jamus ta Gabas a lokacin, ya yi ta juya fayil. A can ya ci karo da takardar ranar 9 ga Satumba 1914, wadda aka tsara wa shugaban gwamnati Bethmann Hollweg, mai jera abin da Jamus ke son samu idan ta ci yaƙin: durƙusar da Faransa, mayar da Beljiyam 'yar amshin shata, da haɗa babban yankin mulkin mallaka a tsakiyar Afirka. A 1961 ya fitar da littafinsa yana cewa shugabannin Jamus na da kaso mai nauyi a laifin ɓarkewar yaƙin. Ƙasa ta ɗauki zafi. Gerhard Ritter, dattijon malaman tarihi wanda shi kansa ya yi wannan yaƙi, ya yi masa ca. A 1964 ma'aikatar harkokin waje ta janye kuɗin tafiyarsa ta gabatar da lacca a Amurka, sai da malaman jami'o'in can suka nema masa wasu. Abin da ya riƙe shi a tsaye cikin wannan guguwa shi ne kowace magana tasa tana da lambar fayil a ƙasanta. Wanda zai ƙaryata shi dole ya je ya buɗe fayil ɗin.

To, daga nan za ka fara, daga takarda. Kafin ka yi hira da kowa, sami babban littafin rubutu ka jera ranaku. 15 ga Janairu 1966, kisan Sardauna a Kaduna da ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, da kisan manyan hafsoshi irin su Maimalari da Kur Mohammed da Largema da Pam. 24 ga Mayu, Doka ta 34 ta shugaban mulkin soja Ironsi, wadda ta soke tsarin tarayya, da tarzomar da ta biyo baya. 29 ga Yuli, juyin mulki na biyu. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kashe-kashen garuruwan Arewa. Taron sulhu na Aburi a Ghana a Janairun 1967, ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, harbin farko ranar 6 ga Yuli, miƙa wuya a Janairun 1970. Wannan jeri shi ne sandarka. Tsoho zai haɗe maka Mayu da Satumba su zama rana ɗaya a bakinsa, ba don yana ƙarya ba, shekaru ne suka niƙe su. In ba ka da jerin a hannu, kai ma za ka haɗe su a takarda.

Sai ka nufi Rumbun Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. Nemi tsofaffin kofen New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kada ka tsaya nan: akwai reshen rumbun a Inugu da Ibadan, kuma abin da jaridar Kaduna ta kira ƙaramar hatsaniya, jaridar Gabas ta ranar za ta kira shi da wani suna dabam. Ajiye su gefe da gefe. In Allah ya hore maka hanya ko aboki a Ingila, rahotannin jakadun Birtaniya na wancan lokaci suna rumbun Kew, a buɗe. Duk takardar da ka taɓa, rubuta lambar fayil da shafi da ranar da ka gan ta, ka ɗauki hoto in an ba ka izini. Na taɓa komawa neman wani fayil bayan shekara 4 na tarar ba a san inda yake ba, hoton da na ɗauka ne kawai ya rage mini.

Hira ita ce zuciyar aikin, kuma a nan matasa suka fi yin ɓarna. Kada ka je gidan ɗan mazan jiya kai tsaye kamar mai karɓar haraji. Bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa: limamin unguwa, ko ɗansa, ko ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Riƙe goro ko sukari. Ranar farko kada na'urar naɗar murya ta fito daga aljihunka.

Akwai wani tsohon saje da na yi wata 5 ina zuwa wurinsa a wata unguwa ta Kaduna. Yana zama a kan buzu a zaure, da ƙaramar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Ya yi aiki a Runduna ta 2, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta. Ban fara da tambayar wa ya kashe wa ba. Na ce, "Baba, a ina aka ɗauke ku aikin? Me kuke ci a daji? Takalmin ya yi muku daidai?" Ya yi dariya ya ce takalmin da aka ba shi ya fi ƙafarsa, sai da ya cusa tsumma. Daga takalmi muka kai jirgin ƙasa, daga jirgin ƙasa muka kai bakin kogin Kwara, da yunƙurin tsallakawa zuwa Onica a Oktoban 1967 wanda ya ci rayuka da yawa. Ya lissafa mini abokansa 3 da ruwa ya tafi da su, kowanne da garinsu. A zuwa na shida na ce, "Baba, kafin tsallaken kuna Asaba." Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya jawo buta ya ce lokacin la'asar ya yi, alhali da saura. Bai sake taɓa maganar ba, ni ma ban sake ba.

Ga yadda za ka yi da irin wannan shiru. Rubuta shi yadda ya faru: an tambaye shi, bai amsa ba. Kada ka sa masa magana a baki, kada ka mayar da shirunsa shaida cewa ya aikata, kada kuma ka ɓoye shi. Abin da ya faru a Asaba ranar 7 ga Oktoba 1967, inda sojojin tarayya suka tara maza suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, yana da shaidunsa da suka tsira, kuma masu bincike Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli sun tattara bayanansu. Daga can za ka kafa hujja, ba daga idon tsoho ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi wuya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu 'yan Arewa mun haddace 15 ga Janairu, kuma muna da gaskiya mu ji ciwonta. Amma in littafinka ya yi shafi 40 a kan daren da aka shiga gidan Sardauna, ya yi layi 2 a kan abin da ya sami Ibo a Sabon Garin Kano da filin jirgin sama ranar 1 ga Oktoba 1966, to ba tarihi ka rubuta ba. Je Sabon Gari ka zauna da tsofaffin da suka gudu suka dawo bayan yaƙi, da yawansu Hausa ce a bakinsu kamar taka. A wurinsu na fara jin labarin Hausawan da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakin matansu, suka riƙe musu kuɗin hayar gida har suka dawo. Sannan ka nemi 'yan Arewa da aka far wa a garuruwan Gabas, fatake da mahauta, waɗanda kusan ba wanda ya rubuta labarinsu. Fara da babin da ya fi yi wa ɓangarenka zafi, tun kana da ƙarfi. In ka bar shi ƙarshe, za ka sami dalilin taƙaita shi.

Kuma ka faɗi ko kai wane ne tun a gabatarwa. A nan Fischer ya gaza. Ya shiga rundunar SA ta 'yan Nazi a 1933, ya shiga jam'iyyar a 1937, kuma sai bayan rasuwarsa aka baje wannan sosai a fili. Takardun da ya tono ba su zama ƙarya ba saboda haka, amma da ya faɗa da bakinsa da ya fi masa. An kuma soke shi da cewa fayilolin Jamus kaɗai ya tona, bai auna su da burin Rasha ko Faransa ba, kuma sukar tana da tushe. Ni a shafin farko nake rubuta cewa kawuna ya mutu a ɓangaren tarayya, mai karatu ya auna ni da wannan.

Lissafin mamata kuwa, taka shi a hankali. Waɗanda aka kashe a Arewa a 1966, ƙiyasi ya tashi daga wajen 8,000 zuwa 30,000. Na yaƙin gaba ɗaya, galibi saboda yunwa, daga 500,000 zuwa sama da miliyan 2. Kawo mafi ƙanƙanta da mafi girma, ka faɗi wa ya bayar da kowanne da yadda ya ƙirga. Abokin jayayyarka adadi ɗaya yake nema mai rauni ya rushe littafin duka da shi. Haka ma kalmomi. "'Yan tawaye", "kisan kiyashi", "ramuwar gayya", kowacce hukunci ce. In ta shaida ce, bar ta cikin maganarsa. In taka ce, ka shirya kare ta. Sunan da ake kiran Ibo da shi a kasuwa kuwa, bar shi a kasuwa.

Kafin ka kai wa maɗaba'a, ba mutum 2 su karanta: malamin da ka san ya fi kowa adawa da ra'ayinka, da lauya, tunda wasu da ka ambata suna raye ko 'ya'yansu na da ƙarfi. Sakaya sunan duk shaidan da bai ba ka izini a fili ba, har unguwarsa. Ajiye muryoyin da hotunan a wuri 3, ɗaya a wajen garinku. Kada ka jingina abincin iyalinka da wannan littafi, riƙe aikinka na koyarwa da kyau. Kuma ka zaunar da mutanen gidanku ka faɗa musu abin da ke ciki kafin su ji a bakin duniya. Yayana ya yi wata 2 ba ya amsa wayata. Ya ce, "Me ya kai ka tone-tone? Ka manta inda kawu ya kwanta?" An kuma taɓa gayyatata gabatar da takarda a wani taro, da suka ga taken sai gayyatar ta bi ruwa, ba wanda ya kira ya yi bayani. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Idan irin wannan ta same ka, kada ka shiga cacar baki a Facebook. Wanda ya kawo hujja, amsa masa da hujja. Wanda ya kama ka da kuskure na gaskiya, gode masa a fili ka gyara a bugu na gaba.

Yaron da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. Sajen nan nawa ya rasu da damina. Bayan sadakar bakwai ɗansa ya kawo mini wani gwangwanin madara mai tsatsa, ya ce Baba ya ce a ba malamin nan mai tambaya. A ciki akwai littafin sallamarsa daga soja, da lambar yabo ɗaya, da hoton samari 4 cikin kaki. A bayan hoton an rubuta sunaye da ajami, an ja layi a kan 3.