Yadda ake gane injin agogo kafin a biya kuɗi a kasuwannin Makka da Jidda

Alhaji, duk agogon da ka gani yana ƙyalli a shagunan Balad na Jidda ko na kewayen Harami, darajarsa tana ciki ne, a inji. Masu shago suna kiran injin nan makina, kalmar da Larabawa suka aro daga Italiyanci. Da ka ce a nuna maka makina, mai shago ya san ba baƙon harkar ba ne.

Da farko ka zuba wa allurar daƙiƙa ido. Idan tana tsalle sau ɗaya kowace daƙiƙa, mai batir ne. A cikinsa akwai ɗan dutse mai suna kwaz, wanda wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, da wannan yake ƙidayar lokaci. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irinsa na hannu a 1969. Idan kuwa allurar tana tafiya sumul, to galibi mai wani ne, wato marar batir: sifirin ne a naɗe yake warwarewa a hankali, wata 'yar ƙafa mai kai da komo tana rage masa gudu, galibi bugu 21,600 ko 28,800 a awa.

Sai ka kara shi a kunne. Mai batir bugu ɗaya yake yi ya huta, mai wani kuwa a guje yake, ba tsayawa.

Mataki na uku shi ne inda aka fi cutar mutanenmu. Mai wani iri biyu ne: wanda ake murɗa masa kunne da yatsa, da otomatik mai yi wa kansa wani da motsin hannu. Juya bayansa. Idan gilashi ne, za ka ga wani ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo. Girgiza shi kaɗan, in dai a tsaye yake sai ya tashi. Agogon da aka rubuta wa otomatik amma allurarsa na tsalle ɗaya-ɗaya, ajiye shi ka wuce. Ka kuma duba ƙananan da'irorin da ke fuskarsa, ka danna maɓallansu; a jabu sau da yawa ado ne kawai, ba sa motsi. Adadin duwatsun da ake rubutawa, 17 ko 21, kada ya ruɗe ka. Yakutu ne na masana'anta, aikinsu rage gogayyar ƙarfe da ƙarfe, ba su da tsadar da ake zato.

Daga nan ka tambayi mai shago wane kamfani ne ya ƙera makinar. Miyota da Seiko na Japan ne, ETA ta Suwizalan ce, kuma masu gyara sun saba da su. Ka tambayi mai shagon kai tsaye: asali ne ko taƙalidi, wato jabu? Ka karɓi rasit da takardar garanti.

Ka yi tunanin wanda za a kai wa. A ganina, tsarabar Baba ko Hajiya da ke gida gara mai batir, don otomatik in aka ajiye shi kamar awa 40 sai ya tsaya, kuma yakan yi gaba ko baya da 'yan daƙiƙoƙi kullum. Ba ya kuma shiri da maganaɗisu, kada a kwantar da shi kan rediyo ko lasifika. Ka sa mai shago ya rubuta maka lambar batirin, irin su 377, ka sayi na ajiya.

Agogon da aka rubuta wa yana jure ruwa har mita 30, fantsamar alwala kawai yake jurewa, ban da wanka.

Ranar komawa Najeriya ko Nijar a mayar da shi baya da awa 2. Idan otomatik ne mai nuna kwanan wata, kada a taɓa kwanan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na dare, lokacin ne haƙoran da ke juya shi suke a sarƙe, suna iya karyewa.