Yadda ake gano inda tsohon shafi ya maƙale

Ka sauya farashi ko ka gyara labari, sabar (kwamfutar da shafinka ke kanta) ta karɓa, amma shafin yana nan yadda yake jiya. Galibi kash ne: wani wuri a kan hanya ya ajiye kwafi yana ta miƙa wa jama'a. Wuraren sun kai uku: burauza, CDN (sabobin da ke ajiye kwafin shafi kusa da masu buɗe shi) irin su Cloudflare, sai sabar kanta. Kada ka yi garajen share komai. Gano mai riƙe da kwafin tukuna, in ba haka ba gobe ma aikin nan na jiranka.

Fara da burauza. Danna Ctrl+Shift+R, ko Cmd+Shift+R a Mac. In sabon shafi ya fito, matsalar a na'urarka take.

In bai fito ba, ƙara ?x=1 a ƙarshen adireshin. Yawancin kash na ɗaukarsa sabon adireshi, don haka sai an je har sabar. Sabo ya fito? To, akwai mai ajiya a tsakani.

Yanzu danna F12, shiga Network, sake loda shafin, ka danna layin farko ka karanta bayanan da suka zo da amsar. Nan gaskiya take. Age: 3600 na nufin kwafin ya yi awa 1 a ajiye. CF-Cache-Status: HIT kuwa Cloudflare ce ta amsa, sabarka ko labari ba ta ji ba.

Gyaran yana wajen Cache-Control, umarnin da sabar ke haɗawa da amsarta kan yadda za a ajiye shafi. Shafin da ke sauyawa a kai a kai, sa masa no-cache: za a iya ajiye shi, amma sai an tambayi sabar kafin a nuna, in babu sauyi ta amsa da 304, wato a yi amfani da kwafin da ke ajiye. Shafin asusun mutum ko kwandon sayayya kuwa, private, no-store ya dace da shi. Wannan ba abin wasa ba ne, domin CDN da ta ajiye irin wannan shafi za ta iya nuna wa wani suna da adireshin wani. Hotuna da fayilolin CSS (masu tsara kamannin shafi) bar su su daɗe, ko shekara guda ma, max-age=31536000, in ka sauya su sai ka sauya musu suna.

Masu WordPress su leƙa manhajar kash ɗinsu, WP Super Cache ko LiteSpeed Cache, su cire shafukan shiga da na biyan kuɗi daga cikin waɗanda ake ajiyewa.

Sai share kash, kuma da tsarinsa: sabar tukuna, sannan CDN. In ka juya, CDN za ta koma ta kwaso tsohon kwafin daga sabar. In har yanzu na'ura ɗaya ta ƙi, buɗe Application a F12, duba Service Workers (ƙananan manhajojin da shafi ke girkawa a burauza, su ma suna iya ajiye kwafi), danna Unregister, ka sake loda shafin.