Yadda nake tace maganar "ai su haka suke"

Shekara 20 ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, babu ƙabilar da ba a karanta mini halinta a bakin shago ba. Da gogewa na koyi rairaye irin wannan magana.

Fara duba inda aka faɗe ta: a gaban mutumin, ko bayan ya juya baya? Tsakanin Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, akwai wasa na kaka da kakanni, kuma yana da ƙa'ida. Ka caccaki mutum ido da ido, ya rama, a kwashe da dariya, ya sha ruwanka ya tafi. A Nijar ma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan wasa cikin al'adun gado na duniya a 2014. Uwargidana Bazazzagiya ce, kullum sai ta ce ko gaisuwa Bakano ba ya amsawa kyauta. Wannan ba ya damuna. Wadda ake yi ƙasa-ƙasa, wanda ake yi da shi ba ya nan balle ya rama, ita nake yi wa kunnen uwar shegu.

Sai ka tono tushenta. Zancen Bakano da ciniki akwai ƙamshin gaskiya, amma ba a jini abin yake ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ayarin raƙuma na sauka daga Agadas da ƙetaren Sahara. Yaron da ya buɗe ido ya ga ubansa yana taya kaya, me kake so ya iya? Da a Argungu ya tashi, da kifi yake kamawa. In ka gano cewa sana'a ce ko wurin zama ya haifi maganar, to ta ba ka tarihin gari ne, ba ta gaya maka komai game da wanda ke tsaye a gabanka ba.

Nan na taɓa yin ɓarin kunu. Wani Bafulatani ya nemi in ba shi turmi 6 bashi zuwa bayan sallah. Lokacin labarin 'yan bindiga ya cika rediyo, sai na ce kayan ba nawa ba ne. Maƙwabcina ya ba shi. Yau duk lefen rugarsu a shagon maƙwabcin ake haɗawa, ina zaune ina kallo. Wanda ya cinye mini kuɗi a shekarar kuwa ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke sallah.

Yanzu in baƙo ya nemi bashi, ba na tambayar garinsu. Tambayata uku: wa ya san ka a kasuwar nan, a ina kake sauka, wa ka taɓa karɓa a wurinsa? Sai in aika yaro ya jiyo, ni kuma in sa a kawo masa shayi kafin yaron ya dawo.