Yadda ɗalibin lauya a Kano zai shiga ƙungiyoyin ɗalibai na duniya

Ƙannena masu karatun lauya, musamman 'yan BUK da waɗanda ke makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda yanzu, kullum tambayar ɗaya ce, wai Yaya ta ina ake shiga ƙungiyoyin nan na ƙasashen waje? Toh bari in faɗa muku yadda na san abin, domin gaskiya yana min ciwo in ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya gama shekara 5 bai taɓa jin sunan Jessup, gasar kotun gwaji ta ɗaliban lauya na duniya, ba.

Da farko ka san wacce ce taka, kar ka ɓata data a banza. ELSA da kake gani ko'ina a intanet ta ɗaliban Turai ce, an kafa ta a Biyana a 1981, ALSA kuma ta 'yan Asiya, kai da kake Kano ba reshensu zaka buɗe ba, sai dai ka bibiyi abubuwan da suke buɗewa kowa, misali gasar John H. Jackson kan dokokin kasuwancin duniya wadda ELSA ke shiryawa kuma akwai zagayen Afirka a ciki. Wadda ƙofarta ke buɗe maka sosai ita ce ILSA, ƙungiyar ɗaliban lauya ta duniya mai shirya gasar Jessup, mai ofis a Amurka.

Na biyu, fara daga gida. Ka shiga LAWSAN, wato ƙungiyar ɗaliban lauya ta Najeriya, reshen makarantarku, ka shiga camba, wato rukunin ɗalibai masu kwaikwayon ofishin lauyoyi, ka je wurin malamin da ke kula da kotun gwaji wato mut, ka gaishe shi ka ce Malam ina so a gwada ni. Dalili kuwa yawancin manyan gasannin nan makaranta ce ke shiga ba mutum ɗaya ba, in fakalti ba ta san fuskarka ba babu mai saka sunanka, komai iya turancinka.

Na uku shi ne inda aikin yake, haɗa tawaga. Jessup tun 1960 ake yinta, kwaikwayon kotun duniya ce ta birnin Heg, ana ƙirƙiro ƙasashe biyu da rikici a tsakaninsu, ku kuma ku tsaya musu a matsayin lauyoyi. Tawaga mutum 2 zuwa 5 ce, kowace makaranta tawaga ɗaya. Wajen watan Satumba ake fitar da shari'ar, a watan Janairu ake miƙa rubutacciyar hujja ta ɓangarorin biyu, mai ƙara da wanda ake ƙara, sannan a kara a matakin ƙasa, wanda ya yi nasara ya tafi Washinton. Kaga kenan daidai lokacin tes da jarabawa abin ke faɗowa, shi ya sa nake cewa kar ka ɗauki mutum don abokinka ne, ɗauki wanda zai iya zama laburare har yamma, da wadda in alƙali ya katse ta da tambaya ba zata daburce ba. Kuma don Allah a saka mata, na sha ganin ɗaliba ta fi mazan ajin iya jera hujja amma a barta wai gida ba za a barta ta yi tafiya ba, alhali ba wanda ya je ya tambayi iyayen nata. A je da takardar makaranta a yi musu bayani cikin ladabi, sau da yawa sai kaji sun sa albarka.

Ni a ganina ma wadda ta fi dacewa a fara da ita ita ce gasar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da Jami'ar Pretoria ke shiryawa tun 1992, yanzu tana ɗauke da sunan Christof Heyns. Mutum 2 ake turawa, ana zagayawa da ita ƙasashen Afirka, kuma matsalolin da ake kawowa irin namu ne.

Na huɗu takardu da kuɗi. Ka yi fasfo tun kafin a buƙace shi, ka tabbatar sunanka na NIN da na makaranta iri ɗaya ne, harafi ɗaya ya bambanta sai ka yi ta zirga-zirga. Kuɗin rajista da dala ake biya, toh ku rubuta wasiƙa ta hannun Din, wato shugaban fakalti, da wuri, ku bi ofisoshin manyan lauyoyi da tsofaffin ɗalibai da ƙididdigar abin da kuke buƙata a rubuce, kar ku je da baki kawai.

Kai kuma da aka riga aka rantsar da kai a matsayin lauya, fara da dandalin matasan lauyoyi na NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, a reshenka, daga nan ka duba IBA, ƙungiyar lauyoyi ta duniya mai ofis a Landan wadda aka kafa a 1947, tana da kwamitin matasa kuma tana bada tallafin halartar taronta na shekara ga wanda ya rubuta maƙala ya ci. AIJA ƙungiyar matasan lauyoyi ce ta duniya, ta 'yan shekara 45 zuwa ƙasa, PALU kuma, ƙungiyar lauyoyin Afirka, tana Arusha a Tanzaniya.

Sai abu na ƙarshe, ni kaina an taɓa karɓar kuɗina a wani guruf na WhatsApp da sunan mambancin wata ƙungiyar duniya, aka turo min satifiket mai ado, daga baya na gano babu ƙungiyar kwata-kwata. Kafin ka tura ko sisi, buɗe shafin ƙungiyar da kanka, ka tura musu imel ka tambaya ko sun san mutumin, in ya ce maka asusunsa na kansa zaka saka kuɗin toh ka rabu da shi.